Yadda Ake Tsara Zanen Kuɗin Ƙarfe na Tunawa, Daga Fensir Zuwa Hatimi

Ɗauki kuɗin ƙarfe guda ɗaya, kowanne ne, ka matsa kusa da taga ka karkata shi sannu a hankali. Fuskar da ke jikinsa za ta fito, ta ɓuya, ta sake fitowa. Babu fenti a wurin, babu tawada. Haske ne da inuwa kawai, kuma tudun da ya haifar da su bai kai kaurin farcenka ba. Wani ne ya zauna wata da watanni yana shawarar inda ƙarfen zai tashi da inda zai kwanta, yana sane da cewa aikinsa zai shiga aljihu, ya gogu da makullai, ya faɗi ƙasa, ya bi ta hannun mutanen da ba za su taɓa jin sunansa ba.

Wanda ya iya zane a takarda yakan ɗauka ya ci rabin aikin. Ni ban yarda ba. Takarda tana karɓar duk abin da ka ɗora mata, ƙarfe kuwa yana da nasa hali, in ka saɓa masa sai ya kunyata ka. Don haka zan bi aikin daki-daki, in fi tsayawa a kan kuɗin tunawa, wato wanda ake bugawa don girmama wani mutum ko cikar shekarun wani al'amari.

Mataki na ɗaya: san iyakar gonarka

Kafin ka fiƙe fensir, nemi takardar sharuɗɗa daga gidan buga kuɗin ko hukumar da ta ba da aikin. Faɗin kuɗin milimita nawa ne? Da wane ƙarfe za a buga? Waɗanne kalmomi doka ta tilasta? Wace fuska ce taka, gaba ko baya? Sannan babbar tambaya: kuɗin zai shiga kasuwa ya yi yawo ne, ko na masu tarawa ne da za a rufe a akwati? Na yawo ana buga shi miliyoyi, bugu ɗaya tak kowanne, don haka dole zanensa ya kwanta. Na masu tarawa ana iya buga shi sau biyu ko fiye, a hankali, don haka yana ɗaukar zurfi da ƙananan abubuwa.

Sau da yawa filin da aka bar maka ya fi yadda ka zata ƙanƙanta. Yuro biyu faɗinsa milimita 25.75 ne, amma fuskar da ke ɗauke da taswira, wadda Luc Luycx ɗan ƙasar Beljiyam ya tsara, ba a taɓa ta. A ɗaya fuskar ma zoben waje na taurari 12 ne. Tsakiyar kaɗai ce ta mai zane. A Birtaniya gaban kuɗi na sarki ne. Hoton Sarki Charles na Uku da Martin Jennings ya sassaƙa yana kallon hagu, na mahaifiyarsa yana kallon dama, domin tun ƙarni na 17 kowane sabon sarki yana juya wa wanda ya gada baya. Ire-iren waɗannan dokoki ba a gardama da su. Zana da'irarka, cire duk abin da ba naka ba, ka dubi abin da ya rage.

Mataki na biyu: karanta da yawa, ka zaɓi abu ɗaya

Nan ne mafi yawan zane-zanen tunawa suke lalacewa. An ce a tuna da wani gwarzo, sai mai zane ya kawo fuskarsa, da gidan da aka haife shi, da tuta, da littafi, da reshen itace, da shekaru biyu, duk a filin da babban yatsa zai rufe. Kowane abu yana da hujja, amma da suka taru sai suka kashe juna.

Yi bincike kamar mai shirin rubuta littafi. Nemi hotuna ta kowace kusurwa, je wurin idan da hali, ka yi magana da waɗanda abin ya shafa. Bayan haka ka tilasta wa kanka faɗin abin da kuɗin zai nuna a jimla ɗaya gajeriya. In jimlar ta ƙi fita ba tare da "da kuma" sau uku ba, ba ka gama tunani ba tukuna. Lokacin da Girka ta fitar da yuro biyu na tunawa na farko a 2004, don wasannin Olamfik na Atina, mutum guda ta sa yana shirin jefa faifai. Kanada a shekarar ta sa jan fure ɗaya a tsakiyar kuɗinta na santi 25 don tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙi, kuma shi ne kuɗin yawo mai launi na farko a duniya. Duk biyun ana gane su kafin a karanta harafi ko ɗaya.

Ka kuma tambayi kanka wa zanen zai ɓata wa rai. Kuɗi yana magana da bakin ƙasa, ba da bakinka ba. A 2015 Beljiyam ta shirya yuro biyu na cikar shekara 200 da yaƙin Waterloo, inda aka ci Napoleon. Faransa ta ƙi amincewa, tunda kuɗin zai yi yawo har cikin ƙasarta. Dole Beljiyam ta janye shi, ta koma ta buga na yuro biyu da rabi wanda ba ya aiki sai a cikin iyakarta.

Abu na ƙarshe a nan: ƙirga komai. Taurarin tuta, tagogin gini, maɓallan riga. Masu tara kuɗi suna duba aiki da gilashin ƙara girma, ba sa yafe kuskure. Idan kuma da hoton wani ka yi aiki, a nemi izinin mai shi a rubuce.

Mataki na uku: ƙananan zane, daidai girman kuɗin

Cika shafi da da'irori daidai faɗin kuɗin, ashirin ko talatin, ka riƙa jefa tunani a cikinsu da sauri. Kada ka fara da babba. Babban zane yana ruɗin mai shi, komai yakan yi kyau a faɗin faranti. Wanda ya rayu a ƙaramar da'ira shi ne ya cancanci a faɗaɗa shi.

Da'ira ba ta da kusurwa, ba ta da ƙasa ko sama sai wadda ka ba ta. Dogon gini ko jirgin ruwa yakan bar wawakeken fili sama da ƙasa, ko kuma ya ƙanƙance har ya ɓace. Mafita ita ce ka yanko ɓangare: ƙofar ginin maimakon ginin duka, hannun mai sana'a maimakon mutumin gaba ɗaya. Matthew Dent ya kai wannan dabara nesa a 2008, ya yanka garkuwar sarautar Birtaniya ya rarraba ta a kan kuɗi shida, sai an jera su hoton ke haɗuwa. Kada kuma ka ji tsoron fili. Wurin da ba a sassaƙa komai ba shi ke kama haske ya tura hoton gaba.

Ka lura kusan duk kawunan da ke kan kuɗi a gefe suke kallo? Da dalili. Fuskar gefe ana gane ta da layin goshi, hanci da haɓa, ko da tudun ya kwanta ƙwarai. Fuskar da ke kallonka kuwa hancinta ne mafi tsayi, shi zai fara cinyewa. Sarki Henry na Takwas na Ingila ya rage azurfar kuɗinsa ya cika da jan ƙarfe, hotonsa kuma yana fuskantar mai kallo. Da kuɗin suka sha hannu sai azurfar saman hancin ta goge, jan ya bayyana, mutane suka laƙaba masa suna mai jan hanci.

Mataki na huɗu: rubutu

Kada ka bar haruffa sai ƙarshe kamar abin cike gurbi. Tare da hoton ake tsara su. Wanda ke shakkar cewa rubutu kaɗai zai iya riƙe kuɗi ya dubi dinaren da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya fitar a shekara ta 77 bayan Hijira. Babu hoto ko ɗaya a jikinsa, layukan rubutu ne a tsakiya da wani a kewaye, kuma tsarin ya zama abin koyi na ɗaruruwan shekaru.

Harafi mai siririn jiki ba ya cika da ƙarfe, kuma shi ke fara tsagewa a hatimi, wato ƙarfen da ake buga zanen da shi. Zaɓi mai kauri daidai, mai buɗaɗɗen ciki. Rubutun da ke bin da'ira yana da tarko: a saman kuɗi ƙafafun haruffa suna matsewa kawunansu su buɗe, a ƙasa kuma akasin haka. Kwamfuta ba ta gyara wannan da kyau, sai ka bi tazarar harafi-harafi da ido.

In ka gama, karanta rubutun daga ƙarshe zuwa farko, harafi ɗaya bayan ɗaya, ka ba mutum biyu da ba su san aikin ba su ma su karanta. Ƙasar Chile ta buga kuɗin peso 50 masu shekarar 2008 da sunan ƙasar a rubuce CHIIE. Sun daɗe suna yawo kafin a farga, kuma abin ya ci kujerar shugaban gidan buga kuɗin.

Mataki na biyar: yi tunani kamar ƙarfe

Wannan shi ne zuciyar sana'ar. Ana buga kuɗi ne ta hanyar sa faifan ƙarfe mara zane tsakanin hatimi biyu, na sama da na ƙasa, da zobe a kewaye, sai injin ya matse su da nauyin tan masu yawa. Ba a ƙara ƙarfe, ba a ragewa. Wanda ke cikin faifan ne yake gudu ya cika ramukan hatimin. Duk tudun da ka zana, daga wani wuri za a ciyo ƙarfensa.

Daga nan dokoki huɗu suka fito.

Ta farko, tsayin tudu yana da iyaka. A 1905 Shugaba Theodore Roosevelt na Amurka ya sa Augustus Saint-Gaudens, babban mai sassaƙa na zamanin, ya tsara kuɗin zinariya na dala 20 mai zurfi irin na tsohuwar Girka. Ya fito da kyau har yau ana yabonsa, amma samfuran farko sai an buga kowanne har sau tara kafin zanen ya cika. Babu gidan buga kuɗin da zai iya wannan da miliyoyi. Charles Barber, babban mai sassaƙa na gidan buga kuɗin Amurka, shi ya kwantar da tudun har ya bugu da bugu ɗaya. Darasin a gare ka shi ne ka tambayi iyakar tsayi tun farko, ka koyi nuna zurfi da hawa-hawa marasa tsayi: kunci ya ɗara wuya kaɗan, kunne ya ɗara kunci kaɗan. Ido zai cike sauran.

Ta biyu, kada tudu mafi tsayi na gaba ya yi daidai da na baya. Duk biyun za su ja ƙarfe daga wuri ɗaya, ɗayan ya fito a raunane. Kwabon Ingila na farkon zamanin Sarki George na Biyar ya sha wannan matsala: kan sarkin ya yi girma da tsayi, har inuwarsa tana bayyana a bayan kuɗin kamar fatalwa, sai da aka sake fasalin kan a shekarun 1920. Gwajin mai sauƙi ne. Zana fuskokin biyu a takarda mai shara-shara, ka haɗa su baya da baya, ka ɗaga wa haske. Amma ka fara sanin yadda ƙasar ke jera fuskokin: kuɗin Amurka in ka juya shi hagu zuwa dama bayansa yana kife ne, na yuro da na Birtaniya a miƙe.

Ta uku, kowane bango ya ɗan jingina. Babu tudun da zai tsaya cak a miƙe, balle ya yi rumfa a kan fili. In ya yi, kuɗin zai maƙale a hatimi ko hatimin ya fashe.

Ta huɗu, bakin kuɗin ya fi komai tsayi. Shi ke ba da damar jera kuɗi kan juna, shi ke kare zanen daga gogayya. Abin da ba ka so ya ɓace, wato shekara da darajar kuɗin, ka ɓoye shi a ƙasa-ƙasa. James Earle Fraser ya tsara santi biyar na Amurka mai ɓauna a 1913, ya ɗora rubutun darajar a kan tudun da dabbar ke tsaye. Shekarar ba ta ƙare ba aka gane zai goge, aka haƙa wurin aka mayar da rubutun cikin kwari. Shekarar bugu kuwa aka bar ta a tudun kafaɗa a ɗaya fuskar, shi ya sa har yau ana samun waɗannan kuɗi da yawa ba shekara a jikinsu.

Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duk waɗannan gyare-gyare a takarda aikin sa'a guda ne. Bayan an yanka hatimi kuwa, aikin makonni ne da kuɗi mai yawa.

Mataki na shida: sassaƙa samfuri

Hanyar da aka gada ita ce a ɗauki faranti mai ɗan kwari na filasta (farin garin da ake kwaɓawa ya daskare), wanda ya ninka kuɗin sau da yawa, a gina hoton a kansa da yumɓun da ba ya bushewa. Sai a zuba filasta a samu kishiyarsa, inda tudu ya zama rami. A wannan kishiyar ake yanka haruffa da siraran layuka, a juye kamar a madubi, domin haƙa layi ya fi gina shi sauƙi. A sake zubawa a samu na daidai, a goge, a gyara. Wani lokaci sai an yi ta kai da komowa sau da yawa.

Ka yi aiki da fitila ɗaya a gefe, hasken yana kwance, ka riƙa sauya mata wuri. Sassaƙar da ba ta yin kyau sai haske ya zo ta hagu ba ta gamu ba, domin mai riƙe kuɗi ba ya zaɓar inda rana take.

A da ana mayar da babban samfurin ƙarami da injin rage girma, mafi shahara shi ne na Victor Janvier na Faransa, wanda ya yi wa rajista a 1899: allura tana bin samfurin tana juyawa, wata ƙaramar wuƙa tana yanka irinsa a ƙarfe, aikin yakan ɗauki kwanaki. Yanzu ana ɗaukar hoton filastar da na'ura, ko a sassaƙa komai a kwamfuta tun daga farko, injin yanka ya bi umarnin. Kwamfuta ta sauƙaƙa gyara, amma tana da nata haɗari. Tana barinka ka kusanto da hoto ba iyaka, ka ɓata yini guda kana gyara gashin gira da ba mai gani. Kowace rana ka buga aikin a takarda daidai girman kuɗin, ka riƙe shi nesa da ido gwargwadon tsawon hannu. Ni a ganina ko wanda zai ƙare a kwamfuta ya kamata ya fara da yumɓu, don yatsunsa su san bambancin rabin milimita.

Mataki na bakwai: gaban kwamiti

Ba kai ke da maganar ƙarshe ba. A Amurka kwamitoci biyu ne ke duba zane su ba da shawara, sakataren baitulmali ya yanke hukunci. A Birtaniya akwai kwamitin ba da shawara na gidan buga kuɗi, daga nan zuwa ministan kuɗi, sannan amincewar sarki. Je da zaɓi biyu ko uku waɗanda duk ka yarda da su, kowanne a babba da kuma girmansa na gaskiya. Za a ce ka ƙara abu. Kusan kullum ƙari ake nema, ba ragi ba. Kada ka yi musu da baki, nuna musu ƙaramin da ƙarin a ciki. Gani ya kori ji.

Mataki na takwas: hatimi da bugun gwaji

Daga ƙarfen farko mai tudu ake matso uwar hatimi mai rami, daga ita a samu wasu masu tudu, daga su kuma hatiman aiki da yawa, tunda kowane hatimi yana gajiya ya tsage. A kowane hawa ana asarar ɗan kaifi, don haka layin da ya fito da ƙyar a samfuri ba zai kai ƙarshe ba.

Idan aka kawo maka bugun gwaji, duba wurare mafi tsayi ko sun cika, duba haruffan da ke kusa da baki, ka shafa da yatsa ka ji ko akwai kaifi. Har a wannan matsayi ana gyara. Fens 50 na wasan ninƙaya da aka yi don Olamfik na Landan na 2012 ya fara fitowa da layukan ruwa sun ratsa fuskar mai iyo, aka sake hatimi aka share su don fuskar ta fito.

A kuɗin masu tarawa kana da wani kayan aiki: a goge fili ya zama madubi, a bar hoton da dishi-dishi kamar hazo. Rubuta a fili wane sashe ne zai ɗauki wanne. Kada ka manta da gefen kuɗin, shi ma fuska ce ta uku. Tsaga-tsagar da ke jikinsa an ƙirƙiro ta ne don hana masu yanke azurfa daga baki, yau kuma tana taimaka wa makafi su bambance kuɗi, kuma wuri ne mai kyau na ɗora gajeriyar jimla da ta ƙi samun gurbi a fuska.

In ka ɗauke wani abu daga wannan fuska zuwa waccan, rubuta shi da manyan haruffa a takardar miƙa aiki. A 2008 an mayar da shekara daga bayan fens 20 na Birtaniya zuwa gabansa. Aka haɗa tsohon hatimin gaba da sabon na baya bisa kuskure, dubban kuɗi suka fita ba shekara ko ta ina.

Sa hannu, da ƙofar shiga

Yawancin gidajen buga kuɗi suna barin mai zane ya sa haruffan farkon sunansa. Sa su ƙanana, a inda sai mai nema zai gani. Victor David Brenner ya sa haruffansa uku a fili a ƙasan bayan santi ɗaya mai hoton Lincoln a 1909, aka yi ta surutu, cikin 'yan kwanaki aka cire su. Sai 1918 suka dawo, 'yan mitsi-mitsi a ƙarƙashin kafaɗar hoton.

Ana shiga sana'ar ta hanya uku: aiki a gidan buga kuɗi, shiga jerin masu zane na waje da ake gayyata, ko gasar da aka buɗe wa kowa. Ta gasa Matthew Dent ya shigo yana ɗan shekara 26. Hoton da ke bayan fam ɗaya na Birtaniya mai gefe 12 da ya fito a 2017 ya samo asali ne daga zanen David Pearce, ɗan makaranta mai shekara 15. Kafin irin wannan dama ta zo, fara da lambar yabo ta ƙungiya ko makaranta, inda dokokin ƙarfe suke nan amma matsin ya yi sauƙi. Ka kuma tara tsofaffin kuɗi da suka sha hannu, ka jera kowanne kusa da hoton sabonsa, ka rubuta abin da ya fara gogewa da abin da ya rage ana ganewa bayan shekara hamsin.